Sabuwar bindiga Marlin 336, sai na goge kafin harbin farko?

Ɗan Texas: Salam 'yan uwa, na sayi Marlin 336 mai cin harsashi .30-30 saboda farautar barewa nan Texas, wallahi katakon ya burge ni amma libar (hannun da ake ja ƙasa don ɗora harsashi) na da ɗan tauri kuma cikinta duk maiƙo. Dole sai na goge?

Baban Ummi: Goge ta malam, man kamfani na hana tsatsa ne kawai. Fara tabbatarwa babu harsashi ko ɗaya ciki, ka kwance sukurun liba, ƙarfen da ke tura harsashi zai zaro ta baya sai ka goge bututun daga nan, kuma ka kula da ɗan ƙarfen da ke fitar da kwanso, saurin ɓacewa gare shi.

Maharbi: Taurin zai saki da amfani, tawa ma haka ta yi. Mai kaɗan dai, in ya yi yawa ƙura yake kamawa.

Ɗan Texas: Na gode sosai, yau da dare zan zauna mata.