Tsofaffin ƙananan samfuran jiragen sama na roba da na yanzu: wanne ya fi inganci?

Tambaya:
'Yan'uwa, ina son in haɗa samfurin jirgin yaƙin Birtaniya da ake kira Spitfire mai ma'aunin 1/72 (wato ainihin jirgin ya ninka samfurin sau 72 a tsawo). Shin tsofaffin kayan kamfanin Airfix sun cancanci wahalar da ake sha a kansu, ko kuwa sababbin sun fi su ta kowace fuska?

Amsa ta farko:
Wajen dacewar sassa, sababbin sun yi nisa, domin da kwamfuta ake zana su, kuma layukan jikin jirgin a tone suke. A tsofaffin, layukan sun taso sama, saboda haka da zarar ka goge mahaɗa da sanfefa sai su ɓace. Ga kuma ɓarɓashin robar da tsohon mazubi (abin da ake zuba roba a ciki don fitar da siffar sassa) ke bari a gefen fiffike.

Amsa ta biyu:
Malam, ban yarda gaba ɗaya ba. Jiragen kamfanin Monogram masu ma'aunin 1/48 na shekarun 1970 suna da kyawun siffa, kuma kujerar matuƙinsu ba ta da laifi. Yawan ƙananan sassa, irin na sababbin kayan kamfanin Eduard, yakan gajiyar da sabon shiga.

Amsa ta uku:
A duba shekarar mazubi, domin kamfanoni kan zuba tsoffin kaya cikin sabon kwali.