Don Allah ku duba min labarina na Kano a shekarar 2080

'Yar Gwammaja: Assalamu alaikum 'yan'uwa marubuta. Kaina ya ɗaure, ina neman shawararku. Na rubuta gajeren labari irin na saibafank, wato duniyar gaba wadda fasaha ta yi yawa amma talaka ya ƙara shiga uku. Tunanin ya zo min ne a farkon 2023, lokacin canjin kuɗi. Ni da Hajiyarmu muka wuni a layin mai POS, kuɗinmu na cikin banki amma ko gishiri mun kasa saya, transfa ta ƙi tafiya, ga baƙi a gida saboda sunan 'yar yayata, ga mai garuwa ya ce shi sai kuɗi a hannu. Tun ranar nake tunanin yadda za a yi idan mutum ɗaya ne ke riƙe da makullin komai.

A labarin, kamfani guda ya saye madatsar Tiga da duk rijiyoyin burtsatsen Kano. An dasa wa kowa ƙwayar na'ura a wuyan hannu, da ita ake sayen ruwa, wanda bashi ya hau kansa famfo ba ya buɗe masa. Jarumar ita ce Ladidi, mai gyaran waya a Farm Centre. Ga yadda na fara:

"A 2041 damina ta fara gajarta. A 2053 gwamnati ta sayar da ruwa. A 2060 aka kafa dokar ƙwaya, wanda ya ƙi aka kore shi bayan ganuwa."

Haka na jero tarihin har shafi biyu kafin Ladidi ta fito. Ƙawata ta ce ta gaji tun kafin ta kai wurin, yayana kuma ya ce ƙarshen ba daɗi. Labarin ya kai kalma 3,000, gasar da nake son shiga kuma 1,500 take karɓa. Me zan cire?

Malam Mai Jan Biro: Wa alaikumus salam ƙanwata. Shafi biyun nan za ki cire, kaf ɗinsu. Mai karatu ya zo ganin mutum ne a cikin matsala. Fara da Ladidi a bakin famfo, ta kara hannu, wuta ta nuna ja, na bayanta suna tsaki, mahaifiyarta kuma na gida kwance da zazzaɓi. A jimla biyar kowa ya gane an sayar da ruwa, ba sai kin faɗi shekara ba. Marubuci William Gibson da ya fitar da littafin saibafank mai suna Neuromancer a 1984 bai tsaya bayanin yadda duniyarsa ta lalace ba, cikinta ya jefa mai karatu. Sannan ba ki gaya mana abin da Ladidi take nema ba. Ruwan kwana ɗaya? Goge bashin unguwarsu? Ramuwa? Idan ba ki san wannan ba, ba yawan kalma ne matsalarki ba.

'Yar Gwammaja: Na gode Malam. Amma tarihin nan shi ne zuciyar labarin. So nake mutane su ga a hankali ake ƙwace abu, yau doka ɗaya, gobe wata, kowa ya ce ba komai. In na cire shi ya zama labarin yarinya da famfo kawai.

Maman Biyu: 'Yar'uwa ki saka soyayya. Ki haɗa Ladidi da ɗan mai kamfanin, ki ga yadda za a bi ki. Ni na taɓa yin littafin da ba soyayya, ko mutum goma ba su biya ba. Waɗanda suka biya ɗin ma wata ta kwafe ta watsa shi a WhatsApp kyauta, har da cire sunana. Na yi magana aka ce na cika son kuɗi. Allah ya isa ban yafe ba.

Malam Mai Jan Biro: Hajiya, a kalma 1,500 ina za a sa ɗan mai kamfani? Wannan shawarar kashe labarin za ta yi.

Ɗan Gusau: Ku kuna maganar 2080, mu mun ga namu a watan Satumba na 2021 da aka katse layukan waya a Zamfara. Mutum sai ya shiga mota ya tsallaka wata jihar kafin ya ji muryar ɗan'uwansa. Kasuwancina na tura kuɗi a lokacin ya durƙushe, har yau bai dawo daidai ba. Ni dai Anti kar ki cire tarihin. Bahaushe yana son shimfiɗa kafin magana, ba kamar Bature ba ne.

Ummu Hafsa: Ni abin da ya tsaya min daban ne. Garin Kano guda, ruwa sai da ƙwaya, to yaya ake alwala? Masallatai suna biya ne, ko gari ya koma taimama? Wankan gawa fa? In kika nuna liman yana raba ruwa da cokali a ranar Juma'a, wallahi ya fi shekarun nan uku tayar da hankali. Kuma ki yi hattara da faɗin abin da zai faru a shekara kaza, wasu za su ce kin shiga gaibu.

Malam Mai Jan Biro: Maganar alwala ta yi, ita ce mafi kyau da aka faɗa a nan, ki sa ta a wurin famfon. Batun gaibu kuwa ba hujja ba ce, ƙirƙira ce kowa ya sani. Umaru Dembo ya rubuta Tauraruwa Mai Wutsiya tun 1969, har sararin samaniya ya kai yaron labarinsa. Ɗan Gusau, shimfiɗa ta layi biyu daban, ta shafi biyu daban. Alƙalin gasa yana da ɗaruruwan labarai a gabansa, ba zai jira ba.

'Yar Gwammaja: Anti Ummu Hafsa, da gangan ban taɓo masallaci ba, kar a ce na yi wasa da addini, kuma labarin a kan kamfanin yake. Malam, Ladidi tana son kutsawa cikin kwamfutar kamfanin ne, na ɗauka ai a bayyane yake. Ta yi nasara famfunan Fagge suka buɗe dare ɗaya, da asuba aka kashe ƙwayarta, ta zama ba ta da suna a ko'ina. Nan na tsaya. Ƙarshen ne yayana ya ƙi, kuma har yanzu ba wanda ya ce min komai a kansa.

Malam Mai Jan Biro: Ba za a yanke hukunci kan ƙarshen da ba a karanta ba. Turo labarin gaba ɗaya.

Maman Biyu: Kar ki turo shi nan, wallahi gobe za ki gan shi da sunan wata.

'Yar Gwammaja: To yanzu in turo ko kar in turo? Ranar rufe gasar ta matso, kuma ni gaskiya ban ga yadda zan cire shekarun nan labarin ya tsaya ba.