Musayar Waƙa: Mugayen da Holmes Ya Bar Mana

Mai Fitila:
Daren jiya na rufe na ƙarshe. Dogayen littattafai 4, gajerun labarai 56, duk labaran da Conan Doyle ya rubuta kan Sherlock Holmes, mai binciken laifuka da ke zaune a Titin Baker na Landan, daga 1887 zuwa 1927. Barci ya ƙi zuwa, sai wannan ta zo:

Na kai ƙarshe, 'yan'uwa, na ninke takarda,
Titin Baker ya yi tsit, ba karusa, ba ɗan sanda.
Wanda ke ta dawo mini a rai, ko ba za ku yarda,
Moriarty ne, malamin lissafi, mai ɓarna ba shaida,
Gizo na tsakar yana, ya ja zare, Landan ta murɗa.

'Yar Malam:
Yaya, farfesanka daga nesa muke jin mugunta,
Ni Milverton ne ya hana zuciyata hutawarta.
Ba bindiga, ba wuƙa, sai wasiƙar da budurwa ta rubuta,
Ya saye gun 'yar aiki, ya ɓoye sai an sa ranar aurenta.
Fam 7,000 ya yanka wa Eva, ko ya kai wa angonta,
Yana murmushi, wallahi, kamar mai yi mata gata.
Ran da wata ta shigo, wadda ya yi ajalin mijinta,
Ta ɗirka masa harsashi, Holmes na bayan labule bai tare ta,
Ya kwashi wasiƙun nan kaf ya zuba su a wuta.
Nan na ajiye littafin, na share hawayena don ita.

Baba na Tasha:
'Ya'yana, kun manta Likita Roylott da macijin dare?
Ta igiyar ƙararrawa yake sauka, 'yar matarsa na ɗaki a tsare.
Holmes ya zabga masa sanda, ya koma ya sari mai shi, zance ya ƙare,
Ramin mugunta dai, an ce a gina shi gajere.
Ga Stapleton, da rana malam-buɗe-littafi yake bi cikin fure,
Da dare ya shafa abin ƙyalli a bakin kare.

Mai Fitila:
Baba, a gafarce ni, naka biyun dabba suka aika. Ƙanwata kuwa ta kusa kayar da ni.

Na yarda Milverton ya fi ciwo, don irinsa na nan da rai,
Amma nawa ne marubucin ya ƙera don ya kai Holmes kushewa shi dai.
A labarin 1893 suka kama kokawa bakin ruwan Reichenbach, su biyu kawai,
Sai a na 1903 Holmes ya dawo Landan, farfesa bai sake ɗaga kai.

'Yar Malam:
To Yaya, aro mini kundin da Milverton ke ciki,
Zan sake karanta daren nan da takardunsa suka ci wuta a ɗaki.