Ciyaman ɗinmu zai sayi gida a mayar wurin duba masu taɓin hankali, me zan faɗa a taro?

Dan_Tasha

Assalamu alaikum jama'a. Kansilan mazaɓarmu ne ya tare mu bayan Juma'a yake cewa ƙaramar hukuma za ta sayi wani gidan bene da ke bayan tsohuwar tasha, gidan wani Alhaji ne da ya rasu magada suka sa a kasuwa, wai za a mayar da shi wurin duba masu taɓin hankali da ciwon damuwa da yaran da ƙwaya ta lalata. Ni abin ya shafe ni sosai don ƙanena shekara shida kenan yana fama, duk wata sai mun yi sammako zuwa birni a yi masa allurar wata-wata, kuɗin motarmu mu biyu ya fi kuɗin allurar, ran da ya tashi da rikici kuma sai na roƙi maƙwabta majiya ƙarfi kafin a sa shi a mota, yara na leƙe ta katanga.

Da farko murna na yi wallahi. To amma mutanen layin sun fara tara sa hannu wai ba za a kawo musu gidan mahaukata kusa da islamiyyar yaransu ba, wasu kuma sun ce cuwa-cuwa ce kawai. An kira taro a sakateriya ranar Laraba kuma ina son in yi magana. Me zan ce?

Sista_Jinya

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Ni ma'aikaciyar jinya ce, tambayar farko da za ka yi musu ita ce wa zai zauna a cikin gidan? Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya kaf ba su kai 300 ba, mu kuma mun haura miliyan 200, kuma waɗanda suka rage ba su fita waje ba suna manyan wurare ne irin su Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Maiduguri, Dawanau a Kano. Babu ƙaramar hukumar da za ta iya riƙe irin wannan likitan, kar su ruɗe ku. Abin da zai yiwu shi ne nas ɗaya ko biyu da suka yi kwas na ƙwaƙwalwa, a horar da malaman asibitin sha-ka-tafi da mhGAP, tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya na koya wa ma'aikatan lafiya na gama-gari duba masu lalurar ƙwaƙwalwa, sannan likita ya riƙa zuwa daga birni ko sau ɗaya ne a wata yana duba masu tsanani. Tun 1991 gwamnati ta rubuta cewa lafiyar ƙwaƙwalwa na cikin aikin asibitocin matakin farko, a takarda dai.

Sai magani. Kai ka fi ni sani, mai irin lalurar ƙanenka in aka tsallake masa allura wata biyu ciwon dawowa yake kamar ba a taɓa yin magani ba. Su faɗa muku nawa aka ware wa magani a shekara, ba nawa aka ware wa fenti ba.

Kuma bene? Hmm. Je ka duba da idonka, barandar sama akwai ƙarfe ko babu, akwai rijiya a tsakar gida, akwai ƙofar mata daban.

Mai_Lissafi44

Kai malam, duk inda ka ji an ce SAYE ba ginawa ba to ka nemi dillali 😂 la'ada ce ke magana. Tunda Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye kowane ciyaman yake neman abin da zai yanka wa kyalle a ɗauki hoto. Ban ce kar a saya ba fa, wani lokacin saye ya fi sauri kuma ya fi araha a kan kangon da za a bari a linta. Amma ka tambaya wa ya yi wa gidan kuɗi, duk magada sun sa hannu har da matan da ke gidan aure, kuma takardar mallaka da sunan wa za ta fito, ƙaramar hukuma ko wani yaron ciyaman? In ba haka ba sabon ciyaman na hawa ka ga an rataya tutar jam'iyya a ƙofar.

Ummu_Yanbiyu

Ni ta wani ɓangaren nake kallo. Ƙanwata bayan haihuwarta ta fari ta daina barci, ta daina ba jariri nono, sai kuka da surutai, aka ce iska ce aka yi ta hayaƙi da rubutu har aka yi arba'in. Da muka kai ta asibiti cikin sati uku ta dawo hayyacinta, yanzu 'ya'yanta huɗu. Amma da a ce wani gida ne na musamman a tsakiyar gari da allo ƙato a ƙofa, billahillazi Hajiyarmu ba za ta bari a kai ta ba, don gobe a majalisa za a ce an ga 'yar gidan wane ta shiga, kuma akwai ƙannenta 'yan mata da ba su yi aure ba. Shi ya sa na fi son a ƙara ɗaki biyu a jikin asibitin da ake awo da rigakafi, mai shiga ba a san me ya kawo ta ba. In kuma lallai sai wannan gidan, to a haɗa da awon ciki da gwajin hawan jini da suga, a sa masa suna asibiti kawai.

Masu tara sa hannu kuwa a tuna musu da Rigasa ta Kaduna, watan Satumba 2019, mutum sama da 300 'yan sanda suka fito da su daga gidan mari, wasu da sasari a ƙafa, har da yara. Iyayensu ne fa suka kai su da hannunsu don sun rasa inda za su nufa.

Baba_Malami

Ɗana, maganar duba masu taɓin hankali kusa da jama'a ba sabuwa ba ce. A 1954 Farfesa Lambo, likitan ƙwaƙwalwa, ya fara tsarin ƙauye a Aro ta Abeokuta, marasa lafiya na zama a gidajen mutanen ƙauye tare da wani ɗan'uwansu, da rana su je asibiti, kuma duniya ta yaba. Sannan dokar 1958 ta zamanin Turawa, wadda ta fi damuwa da a kulle mutum, an maye gurbinta da sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023. Ka faɗa musu wurin karɓar magani ne a koma gida, ba kurkuku ba. Kuma kafin Laraba ka je ka gaida limamin layin da mai unguwa, ka tafi da ƙanen naka ranar da yake cikin natsuwa su gaisa. Addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne, in liman ya faɗi haka a kan mumbari rabin masu sa hannun za su janye.

Dan_Tasha

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba in sha Allahu gobe bayan la'asar za mu je wurin liman, shi ne ma ya yi masa saukar Alƙur'ani yana yaro. Sista na je na leƙa gidan yanzu, mai gadin ya bar ni na shiga, akwai rijiya kuwa a tsakar gida murfinta langa-langa ne da dutse a kai, barandar sama kuma ko ƙuguna ba ta kai ba. Na ɗauki hotuna zan nuna musu, tare da katin asibitin ƙanena.