Neman takardun 'yan sanda da na kotun gunduma a Amurka: wace ƙofa ake ƙwanƙwasawa?

Malam Habibu (Bronx): Assalamu alaikum jama'a. Tambayar nan ta yawaita daga 'yan uwa masu neman zama 'yan ƙasa da masu gyaran takardun zama. Ana ce musu su kawo takardar kotu kan wani kamu ko sammaci na shekarun baya, su nufi caji ofis, a ce musu ba a nan take ba. Masu sani ku taimaka da bayani: ina ake zuwa, da me ake zuwa, nawa ake biya?

Hajiya Rabi (Maryland): Wa'alaikumus salam Malam. A fara rarrabewa, takardu iri biyu ne a hannu biyu. 'Yan sanda ke riƙe da farkon magana: ranar kamu, inda aka yi shi, zargin da aka rubuta. Kotu ke riƙe da ƙarshenta: an kori ƙarar ne, an ci tara, ko an yanke hukunci. Hukumar shige da fice ta USCIS ƙarshen nan ta fi nema, kuma abin da mutum ya buga daga intanet ba ya wadatarwa, sai kwafin da magatakardar kotu ya sa wa hannu da hatimi. Sannan babu ofishi guda da ya tara na ƙasar duka. Gundumomin Amurka sun haura 3,000, kuma gundumar da abin ya faru a cikinta ake bi, ba wadda mutum yake zaune yanzu ba. Wanda aka tsayar a Ohio ya dawo New York da zama, takardarsa tana can Ohio. Idan kuma an kama mutum aka sake shi ba a kai ga kotu ba, wasiƙa ake nema daga 'yan sandan da suka kama shi ko daga kotun yankin, mai cewa ba a shigar da ƙara ba.

Alhaji Garba (Bronx): Gaskiya ne Hajiya. Bari in faɗi na birnin New York. Kowace unguwa daga cikin biyar ɗin gunduma ce mai kotunta, kuma sunan da ke jikin takarda yakan bambanta da wanda muke faɗa: Brooklyn ita ce Kings, Staten Island ita ce Richmond, Manhattan kuma New York County. Takardar da za ka ambata a kanta ita ce Certificate of Disposition, kuɗinta dala 10. Na Bronx ana zuwa kotun laifuka da ke 215 East 161st Street, na Manhattan 100 Centre Street, na Brooklyn 120 Schermerhorn Street. A tafi da katin shaida mai hoto da lambar ƙarar. In babu lambar, a ba su cikakken suna, ranar haihuwa da ranar kamu. A riƙe moni oda ko canji daidai, don cek na asusun mutum yawanci ba a karɓa.

Ga wurin da ake yawan tuntuɓe. Babban laifi yana farawa a kotun laifuka da lamba ɗaya, idan aka tabbatar da tuhuma sai a mayar da shi Supreme Court ta gundumar (a New York wannan kotun shari'ar manyan laifuka ce, ba kotun ƙoli ba) da wata sabuwar lamba. Wanda ya karɓi takardar kotun farko kaɗai, abin da zai gani shi ne an tura ƙarar gaba, babu ƙarshe. Sai ya bi ta kotu ta biyun. Kuma kowane kamu da takardarsa: kamu uku, takarda uku.

Yaya Bashir (Queens): Ranka ya daɗe, ai akwai binciken da ofishin kula da kotunan jihar ke yi ta intanet, dala 95. Ba zai hutar da mutum daga bin layi ba?

Alhaji Garba (Bronx): Ba zai hutar ba, Bashir. Wannan binciken ba ya ɗauke da hatimi, ba ya nuna ƙarar da aka rufe, wato aka ɓoye fayil ɗinta daga idon jama'a, kuma suna da ranar haihuwa yake bi harafi da harafi. Ka sauya harafi ɗaya, wani sabon bincike ne da wata dala 95. Shi kuma shafin WebCriminal na kyauta, ƙararrakin da ke da ranar zama a gaba yake nunawa. Wanda aka gama shari'arsa ba zai ga sunansa ba, kada ya ɗauka an goge ne.

Malam Issoufou (Harlem): Maganar harafi ta fi shafar mu. Ɗan Nijar fasfonsa na cewa Aboubacar, Ousmane, Mahamadou. Ɗan sanda ya rubuta Abubakar, Usman ko Mohammed yadda kunnensa ya ji. Wani lokaci sunan uba ya koma gaba, na yanka ya koma baya. 'Yan uwanmu na Gana da Najeriya ma ba su tsira ba. Saboda haka a rubuta wa magatakarda duk yadda ake iya rubuta sunan. Ranar haihuwa kuma a tuna nan wata ke fara zuwa: 03/07 bakwai ga Maris ce, ba uku ga Yuli ba. Wanda aka ɗauki hoton yatsunsa a New York yana da lambar NYSID, lambar shaida da jihar ke ba shi, tana jikin tsoffin takardunsa. Ita ba ta canzawa ko sunan ya karkace, a nemo ta.

Malama Zuwaira (Brooklyn): Ina so in tsaya kan ƙarar da aka rufe, don nan ne ake yin kuskure mai tsada. A New York, idan shari'a ta ƙare mutum ya yi nasara, ana rufe fayil ɗin ƙarƙashin sashe na 160.50 na dokar shari'ar laifuka. Mai ɗaukar aiki ba zai gani ba. Amma mai fayil ɗin yana da damar karɓar takardarsa: ya je da kansa da katin shaida, ko ya aika wasiƙar izini da notari, mai tabbatar da sa hannu, ya buga wa hatimi. Ƙani ko aboki ba zai karɓo masa haka kawai ba.

Abu na biyu shi ne ACD, wato alƙali ya ɗage ƙarar da niyyar korarta in mutum bai sake shiga matsala ba. Yawanci wata 6 ne, na rikicin iyali yakan kai shekara 1. Wanda ya nemi takarda kafin wa'adin ya cika, za ta nuna ƙarar tana nan da rai. A jira ranar ta wuce tukuna.

Na uku, kuma don Allah a riƙe shi: rufewar jiha ba ta rufe wa gwamnatin tarayya ido. Fom ɗin N-400 na neman zama ɗan ƙasa yana tambaya ko an taɓa kama ka, ko tsare ka, ko ba ka sammaci, har da abin da aka rufe ko aka goge. Ko dokar Clean Slate ta New York da ta fara aiki a watan Nuwamban 2024, wadda ke rufe ƙaramin laifi bayan shekara 3 da babba bayan shekara 8, ba ta sauya wannan ba. Ɓoye kamun da aka kora ya fi kamun kansa haɗari. Sassaucin da ke akwai na tarar hanya ne: in ba ta kai dala 500 ba, ba a kama mutum ba, babu giya ko ƙwaya, ba a ji wa kowa mummunan rauni ba, ba sai an haɗa takardarta ba.

Hajiya Rabi (Maryland): Allah ya saka da alheri Malama. In ƙara: duk wanda ba ɗan ƙasa ba, kafin ya nemi a goge masa fayil, ya fara karɓar kwafi mai hatimi guda biyu ko uku ya adana. A nan Maryland bayan an goge, samun kwafin yakan zama wahala, alhali shige da fice za su tambaya ko bayan shekara goma. Shafinmu na Case Search kyauta ne, yana ba da lambar ƙara da sunan kotun, amma wasu ƙararrakin da aka kora ba sa fitowa a kansa. A duba kuma ko District Court ce ko Circuit Court, ofisoshinsu daban ne. Hedkwatar gundumar Prince George's tana Upper Marlboro, ta Montgomery tana Rockville.

Yaya Mustafa (Houston): A gundumar Harris, inda Houston take a Texas, magatakarda biyu ne, kuma mutane na rikita su. District Clerk ke riƙe da shari'un laifi, manya da matsakaita. County Clerk na aure ne, da filaye da gado. Ƙananan laifukan tara kaɗai, irin na hanya, suna kotun birni ko ta Justice of the Peace. Sai a kula da abin da ake kira deferred adjudication a Texas: mutum ya amsa laifi, a sa masa sharuɗɗa, ya cika, a kori ƙarar. Jiha ba ta kira shi hukunci, amma dokar shige da fice tana lissafa shi hukunci ne, tunda an amsa laifi kuma an ɗora horo. Wanda takardarsa ta nuna haka kada ya aika fom sai lauya ya gani.

Malam Danladi (Chicago): Ni kuma bari in ɗauki ɓangaren 'yan sanda. Da farko a gano wa ya rubuta rahoton: 'yan sandan birni ne, ofishin sherif na gunduma, ko 'yan sandan jiha masu sintiri a babbar hanya. Sunan hukumar yana saman tikitin ko katin da suka miƙa. Mai abin da kansa sau da yawa sashen ajiye takardu kawai zai je da lambar rahoto. In sun ƙi, ko kuma ana neman bidiyon kyamarar jiki da muryar kiran gaggawa na 911, sai a rubuta buƙata ƙarƙashin dokar samun bayanai ta jihar. Dokar tarayya ta FOIA ta 1966 hukumomin tarayya kaɗai ta shafa, wanda ya kafa hujja da ita a gaban sherif zai iya samun amsar cewa ba ta hau kansu ba. Kowace jiha da tata:

Illinois, amsa cikin ranakun aiki 5, za su iya ƙara 5; shafi 50 na farko kyauta, sauran santi 15 kowanne. New York, dokar FOIL, ranakun aiki 5 su amsa cewa sun karɓa, santi 25 kowane shafi, kuma in an hana ka kana da kwana 30 ka ɗaukaka. Georgia ranakun aiki 3. Maryland har kwana 30. Texas, in hukumar tana son riƙewa, tana da ranakun aiki 10 ta nemi hukuncin babban lauyan jihar.

A wasiƙar a sa rana, lokaci, titi, lambar rahoto da ainihin takardar da ake so. Wanda ya rubuta "ku ba ni duk abin da ya shafe ni" shi ake mayar wa da cewa buƙatar ta yi faɗi. Dalilan hanawa da aka fi gani: bincike bai ƙare ba, akwai yaro a ciki, ko fayil a rufe yake. Sunayen shaidu kuma za a ga an shafe su da baƙi. Bidiyo da murya ba a ajiye su har abada, a nema da wuri. Kuma kada a aika wannan buƙata zuwa kotu, a Illinois da New York dokar ba ta shafi fayil ɗin shari'a ba, magatakarda ake tambaya kai tsaye. Na gundumar Cook, manyan laifukan cikin birnin Chicago yawanci suna kotun da ke mahaɗar titin 26th da California.

Baba Sule (Bronx): Direbobi 'yan uwana, namu na hatsari ne don inshora. A birnin New York rahoton yana caji ofis ɗin yankin kwana 30 na farko, ana kuma samunsa a shafin 'yan sandan. Bayan nan hukumar DMV mai kula da motoci da lasin tuƙi ake nema: dala 7 bincike, dala 15 rahoto ta intanet. Kada a manta, in an ji rauni ko ɓarnar ta haura dala 1,000, direba da kansa zai cike fom ɗin rahoton hatsari na MV-104 cikin kwana 10. Rahoton ɗan sanda bai ɗauke masa wannan ba, kuma rashin cikewa na iya sa a dakatar da lasin.

Yaya Mustafa (Houston): Namu rahoton hatsarin a Texas CR-3 ne Baba, daga hukumar sufurin jiha. Dala 6, mai hatimi dala 8.

Malam Habibu (Bronx): To wanda ya manta ma a wace gunduma abin ya faru fa?

Hajiya Rabi (Maryland): Ya fara da FBI. Ana neman Identity History Summary, wato taƙaitaccen tarihin kamun mutum, dala 18, a cike ta intanet, a ba da hoton yatsu a wasu gidajen waya ko a aika katin yatsu zuwa Clarksburg a West Virginia. Zai nuna rana da hukumar da ta yi kamun, daga nan a gane kotun. Sau da yawa gurbin ƙarshen shari'a fayau yake, don kotun ba ta aika musu ba, shi ya sa ba ya maye gurbin takardar kotu. Sammacin da ba a ɗauki yatsu a kansa ba kuwa ba zai fito ba. Shafukan 'yan kasuwa masu cewa biya ka ga tarihin kowa, a bar su, suna haɗa mutane masu suna ɗaya. Shafin PACER kuma na kotunan tarayya ne, santi 10 shafi, babu ƙarar gunduma a ciki.

Malama Zuwaira (Brooklyn): Wanda ya san ya taɓa ƙin zuwa zaman kotu, ko takardun zamansa ba su cika ba, kada ya shiga kotu ko ya ba da yatsu kafin ya ga lauya. Mai yiwuwa akwai sammacin kamu a kansa, kuma lauya na iya dubawa ya karɓo takardar a madadinsa. Legal Aid Society da Bronx Defenders suna wannan aiki kyauta ga marasa hali, African Services Committee a Harlem ma na taimakon baƙi. Notari a Amurka ba lauya ba ne, hatimi kawai yake bugawa.

Alhaji Garba (Bronx): Mai nema ta gidan waya daga wata jiha ya kira ofishin tukuna ya ji kuɗin da sunan da za a rubuta a moni oda, don suna sauyawa. Ya haɗa kwafin katin shaida da ambulan mai adireshinsa da kan sarki. In suka ce fayil ɗin ya tsufa an lalata shi, kada ya tafi da maganar baki, ya nemi wasiƙa mai hatimi da ke cewa an bincika ba a samu ba, ita zai gabatar. Takardar kuma in ta zo kada a cire ƙusar da ta haɗa shafukan don yin fotokwafi, wasu ofisoshin na ƙin karɓar wadda aka warware. A ɗaga shafi ɗaya bayan ɗaya a ɗauka, a tafi da na asalin ranar ganawa da jami'an shige da fice.