An ce in riƙe shugabancin sashen kwamfuta, wai don ni mace ce

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata tara ina koyarwa a sashen kimiyyar kwamfuta na wata jami'a a Arewa, ni kaɗai ce mace a cikin malamai. Yanzu an ce in riƙe shugabancin sashen. Ban gama murna ba sai na ji wasu na cewa wai "kason mata" ne ya kawo ni, hukuma na son nuna tana bin tsarin gwamnati na bai wa mata kashi 35 cikin ɗari na muƙamai. Ga yara uku, autan ma ba a yaye shi ba. Maigida bai hana ba, ya dai ce in yi nazari. In karɓa, ko in bar musu abinsu?

Wata malama daga Kano: Ƙanwata, karɓi. Farfesa Rabi'a Salihu Sa'id ta Jami'ar Bayero sai da ta kai shekara 29 ta shiga jami'a, da 'ya'yanta, kuma a 2015 ta samu lambar yabo ta Gidauniyar Elsevier a fannin fiziks. Ke da kika riga kika yi digirin digirgir, gulmar ofis ce za ta kore ki?

Wani ma'aikacin gwamnati: Malama, masu maganar ba su san tsarin ba. Tun 2006 yake a takarda. Da yana aiki, da ƙungiyoyin mata ba su kai gwamnati ƙara ba, har Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ba da umarnin a aiwatar da shi a Afrilun 2022. Wata ɗaya kafin nan ma Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta yi watsi da ƙudurorin da suka shafi haƙƙin mata. Tsarin da ya kasa cika kujerun ministoci shi zai ba ki sashe?

Wata tsohuwar shugabar sashe: 'Yata, gulma ba ta dame ni ba, bincikenki nake ji. Kujerar nan cin lokaci gare ta: sakamakon jarrabawa, taron majalisar jami'a, ɗalibai a ƙofa har magariba. Ƙarin girma kuwa da maƙalu ake yinsa. Kafin ki amsa, ki nemi a rage miki kwasa-kwasai, a rubuce, kuma ki ware rana ɗaya a mako ta rubutu. Ni ban yi haka ba, na sauka ba maƙala ko ɗaya.

Wata 'yar uwa: Ni dai da kin jira an yaye yaron.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Hajiya, idan suka ƙi rage kwasa-kwasan fa?

Tsohuwar shugabar sashe: To, ki ce su nemi wani.