Ƙafar Babanmu ta kumbura bayan an fara masa Keytruda, mu jira?

Ƴar Autan Baba:
Assalamu alaikum. Mahaifinmu na fama da ciwon dajin huhu, an ɗora shi kan Keytruda, maganin nan da ake sa masa ta ƙarin ruwa duk bayan mako 3 don garkuwar jikinsa ta yaƙi cutar. Alhamdulillahi jikin da sauƙi. Sai dai tun jiya sharaɓarsa ta hagu ta kumbura, ga zafi in an taɓa, ta dama kuwa lafiya lau. Yayana ya ce yawan zama ne, a matsa masa da man zafi. Ranar ganin likita sai mako mai zuwa. Maganin ne ya jawo? Mu jira?

Nas mai aikin dare:
Wa alaikumus salam ƴar'uwa. Kada ku jira, ku kai shi yau. Kuma don Allah a hana Yaya matsa ƙafar. Kumburin ƙafa ɗaya tak ga mai ciwon daji, gudan jini a jijiya muke fara zargi har sai hoton Doppler, wato sikanin da ke nuna gudanar jini a jijiya, ya wanke shi. In gudan ya ɓalle, huhu yake nufa, can ne haɗarin yake.

Idan numfashinsa ya sarƙe, ko ƙirji ya riƙe, ko ya yi tari da jini, sashen gaggawa kai tsaye. Ku faɗi sunan maganin tun daga bakin ƙofa, domin Keytruda kanta tana iya kumbura huhu, alamomin kuma sun yi kama sosai. Maganinsu ya sha bamban: na gudan jini mai tsinka jini ne, na kumburin huhu kuma sitiroyid, wato maganin rage kumburi. Sikanin CT ne ke raba gardama.

Malamin kimiyya:
Kan tambayarki ta farko, kar a yi saurin ɗora wa maganin laifi. Tun 1865 wani likitan Faransa, Armand Trousseau, ya lura cewa ciwon daji na sa jini daskarewa, na huhu kuma yana cikin masu yawan yin haka. Ga kwanciya, ga tiyata in an yi. Keytruda sai a 2014 aka amince da ita a Amurka. An ga gudan jini a jikin masu shan irin waɗannan magunguna, ana kuma zargin cewa garkuwar da aka zaburar tana taɓa bangon jijiya, amma masana ba su gama rarrabe kason magani da na cutar ba.

Baban yara:
Allah ya ba Baba lafiya. Matata a hannu nata gudan jinin ya fito, gefen da aka dasa mata bututun ƙarin ruwa. An fara mata allurar Clexane a fatar ciki, daga baya aka koma ƙwayar apixaban, duka biyun na tsinka jini ne, kuma ba a dakatar da maganin dajin ba. Na faɗi haka ne don kar tsoron a tsayar masa da Keytruda ya sa ku ɓoye wa likita.

Nas mai aikin dare:
Haka ne Baban yara, galibi ana haɗa su. Ƙari ɗaya: kar a ba shi asfirin a gida da sunan tsinka jini, ba ya maye gurbin waɗancan. In an fara masa na asibiti, yakan ɗauki wata 3 zuwa 6 ko fiye, ku riƙa lura da baƙin bayan gida ko haɓon da ya ƙi tsayawa.